Darasi: Shari'ar da ta Kwance Igiyar Pretoria

A babban gidan yarin Pretoria, a ƙasar Afirka ta Kudu, akwai wani bene mai matakala 52. A da, wanda gandirobobi suka hau da shi can da sassafe ba ya saukowa da ƙafafunsa. A sama ɗakin rataya yake, an gina shi yadda zai ɗauki mutum bakwai a lokaci guda: a jera su, a sa wa kowa igiyarsa, hauni ya ja ƙarfe ɗaya, daɓen katako ya buɗe a ƙarƙashinsu baki ɗaya. A shekarar 1987 kaɗai mutum 164 aka rataye a wurin. Tsakanin 1981 da 1990, waɗanda aka kashe da hukuncin kotu a faɗin ƙasar sun haura dubu ɗaya, kuma kusan dukkansu baƙar fata ne.

Cikin waɗanda suka hau wannan bene akwai 'yan fashi da masu kisan kai, akwai kuma 'yan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata. Solomon Mahlangu, matashin ɗan ƙungiyar ANC, an rataye shi ranar 6 ga Afrilu, 1979, yana ɗan shekara 22, duk da kotu ta yarda ba shi ya harba bindigar da ta kashe mutane biyu ba. Abokin tafiyarsa ne ya harba. Dokar ta ce tunda tare suka fito da niyya ɗaya, laifin ɗaya na kowa ne.

Wannan darasi zai bi diddigin shari'ar da ta kawo ƙarshen rataya a waccan ƙasa, da hujjojin da aka kafa, da kuma dalilin da ya sa Kotun Ƙolin Najeriya, da aka kawo mata tambaya iri ɗaya bayan shekara uku, ta ba da amsa daban.

Mutum biyu da ba a shakkar laifinsu

A watan Fabrairu na 1990 Shugaba F. W. de Klerk, a jawabin da ya sanar da sakin Nelson Mandela, ya dakatar da zartar da hukuncin kisa. Dakatarwa ce kawai, dokar tana nan. Alƙalai suka ci gaba da yanke hukuncin, fursunoni suka ci gaba da taruwa a ɗakunan jiran mutuwa. Da aka zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki na riƙon ƙwarya a 1993, jam'iyyu suka kasa daidaitawa a kan batun. Sai suka rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa, suka yi shiru game da rataya, suka bar wa sabuwar Kotun Tsarin Mulki ta warware.

Shari'ar da ta fara zuwa gaban kotun ba ta wasu bayin Allah da aka zalunta ba ce. Themba Makwanyane da Mvuso Mchunu suna cikin gungun 'yan fashin da suka tare motar banki mai ɗauke da albashin ma'aikatan asibitin Coronation a Johannesburg a 1990. Sun buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu, har da 'yan sandan da ke rakiyar kuɗin. Babbar kotu ta same su da laifin kisa huɗu, da yunƙurin kisa, da fashi, ta yanke musu hukuncin kisa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin, ta kuma ce a ƙarƙashin tsohuwar doka hukuncin ya dace da su. Abin da ya rage tambaya ɗaya ce: shin sashe na 277 na dokar shari'ar manyan laifuka ta 1977, wanda ya ba alƙali ikon yanke hukuncin kisa, zai iya zama tare da sabon tsarin mulki?

Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan. Kotun ba ta zauna don wanke kowa ba. Ta zauna ne don auna ikon hukuma a kan ran mutumin da laifinsa ya tabbata.

Mandela ne ya buɗe kotun ranar 14 ga Fabrairu, 1995. A jawabinsa ya tuna wa jama'a cewa zuwansa kotu na ƙarshe, ya je ne ya ji ko za a yanke masa hukuncin kisa. Yana nufin shari'ar Rivonia ta 1964, wadda ta ƙare da ɗaurin rai da rai. Cikin lauyoyin da suka kare shi a wancan lokaci akwai Arthur Chaskalson, wanda ya zama shugaban sabuwar kotun, da George Bizos, wanda washegari ya tsaya gaban kotun a madadin gwamnatin Mandela yana roƙon a soke hukuncin kisa. Abin ya zo a juye: gwamnati na cewa a karɓe mata igiyar, babban mai gabatar da ƙara na yankin Witwatersrand, Klaus von Lieres, shi ne ya tsaya kai da fata a bar ta. Kwana uku aka yi ana muhawara.

Abin da kundin ya ce

Sassa uku ne suka ɗauki nauyin shari'ar. Sashe na 9 jimla ɗaya ce tak: kowane mutum yana da haƙƙin rayuwa. Babu "sai dai", babu "in ban da". Sashe na 10 ya ba kowa haƙƙin a kiyaye mutuncinsa. Sashe na 11(2) ya haramta azabtarwa, ta jiki ko ta zuciya, ya kuma haramta duk wani horo na rashin tausayi, ko na rashin imani, ko na ƙasƙanci. Sai kuma sashe na 33, wanda ya ce hukuma na iya taƙaita wani haƙƙi, amma da sharaɗin ta nuna taƙaitawar tana da ma'ana, ta zama dole, kuma al'umma mai 'yanci da daidaito za ta iya amincewa da ita.

Saboda haka aikin kotu hawa biyu ne. Da farko: rataya horo ne na rashin tausayi? In amsar e ce, sai na biyu: hukuma ta kawo hujjar da ta isa a ƙyale shi duk da haka?

Ranar 6 ga Yuni, 1995, alƙalai goma sha ɗaya suka yanke hukunci da murya ɗaya cewa hukuncin kisa ya saɓa wa tsarin mulki. Chaskalson ya rubuta babban hukuncin, sauran goman kuma kowa ya rubuta nasa ƙarin bayanin. A ranar, fursunoni fiye da 300, wataƙila kusan 400 in an haɗa da na tsofaffin yankunan da gwamnatin wariya ta ware wa baƙar fata, suna jiran hauni. Kotun ta hana gwamnati taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Talauci, launin fata da sa'a

Wurin da hukuncin ya fi ƙarfi shi ne inda Chaskalson ya sauko daga maganar aƙida ya duba yadda shari'ar kisa take gudana a zahiri. Mafi yawan waɗanda ake tuhuma talakawa ne baƙar fata da ba su iya ɗaukar lauya. Sai kotu ta naɗa musu na kyauta. Wannan lauya sau da yawa matashi ne sabon shiga, kuɗin da ake biyansa kaɗan ne, ba shi da abin da zai yi bincike ko ya nemo shaidu ko ya kira ƙwararren likita. Galibi ba ƙabilarsu ɗaya da wanda yake karewa ba, ba sa jin harshen juna, sai ta bakin tafinta. Mai kuɗi kuwa yana zuwa da gogaggen lauya da duk abin da shari'a ke bukata, kuma da wuya ya kai ga igiya.

A kan wannan sai a ɗora sauran abubuwan da ba su da alaƙa da girman laifi: yadda ɗan sanda ya yi bincike, ƙwazon mai gabatar da ƙara, halin alƙalin da shari'ar ta faɗo hannunsa da ra'ayinsa game da kisa, har da waɗanne alƙalai aka zaɓa su saurari ɗaukaka ƙara. Mutum biyu su aikata laifi iri ɗaya, ɗaya ya sha ɗauri, ɗaya ya hau bene. Chaskalson bai ce sauran hukunce-hukunce sun tsira daga wannan ba. Shari'ar ɗan Adam duk haka take. Bambancin shi ne, wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa, a biya shi diyya, a nemi gafararsa. Wanda aka rataye ba a gyara masa komai.

Wannan hujja ce mai nauyi, domin ba ta bukatar mutum ya ji tausayin mai kisan kai kafin ya karɓe ta. Ko wanda ya yi imani cewa mai kisa ya cancanci mutuwa, dole ya tsaya ya tambayi kansa ko kotunan da ke gabansa suna iya tantance wanda ya cancanta ɗin ba tare da aljihu ya sa baki ba.

Kotun ta kuma leƙa ƙasashen waje. A Amurka, Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin kisa a shari'ar Furman ta 1972 saboda yadda yake faɗa wa mutane babu tsari, sannan ta dawo da shi a shari'ar Gregg ta 1976 bayan jihohi sun gyara dokokinsu. A Indiya, shari'ar Bachan Singh ta 1980 ta bar shi, amma ga laifukan da suka fi kowanne muni kawai. A Hungary kotun tsarin mulki ta soke shi a 1990. Chaskalson ya lura cewa kundin Amurka da na Indiya sun ambaci yiwuwar hukuma ta ɗauki rai bisa doka, don haka hannun alƙalansu a ɗaure yake ta hanyar da nasa ba a ɗaure ba.

Tsoratarwa, ramuwa da ra'ayin jama'a

Von Lieres ya zo da hujjoji uku, kuma ba na wasa ba ne, domin a lokacin jini na zuba a ƙasar. Ya ce igiya tana tsorata masu niyyar kisa, tana raba al'umma da mugu har abada, tana kuma biya wa jama'a bukatar ganin an rama wa wanda aka kashe.

A kan tsoratarwa, kotu ta yi amfani da alƙaluman hukuma ne. Daga 1990 zuwa Janairun 1995 an yanke hukuncin kisa 243, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da 143. A wannan tsakanin, kowace shekara ana kashe kimanin mutum 20,000, kuma shari'o'in kisa kimanin 9,000 ne ke isa kotu. To, in ji Chaskalson, rataye 'yan tsirarun mutane a shekara ba shi zai magance wannan ba. Abin da ya fi hana laifi shi ne mai laifi ya san za a kama shi, a gurfanar da shi, a hukunta shi, kuma wannan tabbacin ne ya yi ƙaranci a ƙasar. Zaɓin da ke gaban kotu ba tsakanin rataya da saki ba ne, tsakanin rataya ne da ɗaurin rai da rai, kuma mai gabatar da ƙara da kansa ya amsa cewa babu tabbatacciyar shaidar da ta nuna na farkon ya fi na biyun hana kisa. Batun raba al'umma da mugu kuwa, kurkuku ma yana yin wannan aiki.

Ramuwa ita ce ta fi wuyar amsawa, domin uwar da aka kashe wa ɗa ba lissafi take yi ba. Kotun ba ta raina wannan zafi ba. Ta ce horo dole ya yi daidai da laifi, amma ba dole ya zama irinsa sak ba: hukuma ba ta ƙwaƙule idon wanda ya makantar da wani. Ta kuma jingina da rufewar kundin na 1993, inda aka rubuta cewa sabuwar ƙasar tana bukatar fahimtar juna maimakon ɗaukar fansa, da abin da mutanen kudancin Afirka ke kira ubuntu, wato mutuntaka. Mai Shari'a Yvonne Mokgoro da Pius Langa da Tholie Madala sun faɗaɗa wannan. Mai Shari'a Albie Sachs, wanda jami'an gwamnatin wariya suka dasa wa bam a mota a Maputo a 1988 har ya rasa hannu da ganin ido ɗaya, ya ja hankali ga dokokin gargajiya na yankin, ya nuna cewa al'ummomi da dama ba su saba kashe mai kisan kai ta hanyar shari'a ba tun kafin zuwan Turawa.

Saura ra'ayin jama'a. Chaskalson ya yarda a ɗauka cewa mafi yawan 'yan ƙasar suna son a ci gaba da rataya. Amma ya ce tambayar da aka kawo wa kotu ba abin da mafi rinjaye ke so ba ne, abin da kundin ya halatta ne. Da ra'ayin jama'a ne ke yanke irin wannan magana, da ba a bukatar kotun tsarin mulki. Majalisa ta isa. An kafa kotun ne don kare waɗanda ba su da yawan da za su kare kansu da ƙuri'a, har da waɗanda al'umma ta yi wa tofin Allah tsine.

Bayan hukunci

Kwana uku bayan hukuncin Makwanyane, a shari'ar Williams, kotun ta yi amfani da sashe na 11(2) ɗin nan ta haramta yi wa yara masu laifi bulala da umarnin kotu. A 1997 majalisa ta goge hukuncin kisa daga dokokin ƙasar gaba ɗaya, har da na cin amanar ƙasa a lokacin yaƙi wanda kotu ba ta taɓo ba, ta kuma kafa mafi ƙarancin ɗauri mai tsanani ga manyan laifuka. Sauya wa tsofaffin fursunonin hukunci ya yi jan ƙafa har sai da kotun ta sake tsoma baki a 2005. A 2001 ta ce gwamnati ta karya doka da ta miƙa wa Amurka Khalfan Khamis Mohamed, ɗan Tanzaniya da ake zargi da harin bam a ofishin jakadancin Amurka a Dar es Salaam, ba tare da ta karɓi alkawarin ba za a kashe shi ba.

Kisan kai fa? A tsakiyar shekarun 1990 ya haura 26,000 a shekara. Ya yi ta sauka har ƙasa da 16,000 wajen 2011, sannan ya sake hawa ya wuce 27,000 bayan fiye da shekara goma. Duk wannan hawa da sauka babu igiya aka yi shi, don haka alƙaluman ba su ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Har yau, duk lokacin da wani mummunan kisa ya girgiza ƙasar, ana jin kiran a dawo da rataya ko a yi ƙuri'ar raba gardama.

Amsar Najeriya

A watan Disamba na 1998 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a shari'ar Onuoha Kalu, wanda babbar kotun Legas ta yanke wa hukuncin kisa bisa laifin kisan kai. Lauyoyinsa sun kawo hujja irin ta Makwanyane: rataya horo ne na rashin imani da ƙasƙanci, kuma kundin ya haramta irinsa. Alƙalai bakwai suka zauna, Mai Shari'a Anthony Iguh ya rubuta babban hukuncin, suka ƙi amincewa.

Dalilinsu yana cikin rubutun kundin. Sashen haƙƙin rayuwa na kundin 1979, wanda aka maimaita a sashe na 33(1) na kundin 1999, ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa kuma ba za a ɗauki ran kowa da gangan ba, sai dai wajen zartar da hukuncin kotu kan laifin da aka same shi da shi a Najeriya. Wannan "sai dai" ita ce babu a kundin Afirka ta Kudu. Kotun ta ce ba zai yiwu kundi ya halatta abu a sashe ɗaya, sashen da ke bi masa ya haramta shi ba. Mai son a soke hukuncin kisa a Najeriya, majalisa zai nufa, ba kotu ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun bi hanya ta tsakiya. Kotunan Malawi a 2007, Uganda a 2009 da Kenya a 2017 ba su soke hukuncin ba, amma sun ce ba daidai ba ne doka ta tilasta wa alƙali yanke shi ba tare da ya saurari uzurin mai laifi ba. Chadi ta soke shi gaba ɗaya a 2020, majalisar Ghana ta cire shi daga dokar manyan laifuka ta yau da kullum a 2023. A Nijar yana nan a doka, amma rabon da a zartar da shi tun 1976.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai tuna da ƙisasi, kuma ya kamata ya tuna. Tun daga shekarar 2000 jihohin Arewa goma sha biyu suka kafa dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, inda kisan ganganci ke jawo ƙisasi. Tsarin ya bambanta da wanda kotun Afirka ta Kudu ta auna ta wata fuska babba: a mafi yawan shari'o'in ƙisasi magadan mamaci suna da ikon su yafe ko su karɓi diyya, kuma addini ya kwaɗaitar da yafewar. A dokar da Turawa suka bari, dangin mamaci 'yan kallo ne, hukuma ce mai ƙara. Malaman fiƙihu kuma sun tsananta sharuɗɗan shaida ƙwarai a duk inda jini yake, saboda tsoron zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan tsoro shi ne dai wanda Chaskalson ya bayyana da harshen tsarin mulki.

A nan ne shari'ar Makwanyane ta shafi Najeriya ko da kundin bai canza ba. Manyan kotunan jihohi da Turanci suke zama. Manomi ko makiyayin da aka gurfanar bisa tuhumar kisa ko fashi da makami, ta bakin tafinta zai ji abin da ake faɗa a kansa, kuma sau da yawa takardar "amsa laifi" da aka rubuta a ofishin 'yan sanda, da harshen da ba ya karantawa, ita ce babbar shaida. Sashe na 36 na kundin 1999 ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta, da isasshen lokacin shirya kariya, da lauyan da ya zaɓa. In tuhumar ta kisa ce kuma ba shi da hali, wajibi ne kotu ta samar masa lauya, kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, don irinsa aka yi ta. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma ba a zartarwa kafin a gama.

Bayan nan ma sai gwamna ya sa hannu, kuma sashe na 212 ya ba shi ikon afuwa ko sassauci. Mafi yawan gwamnoni ba sa sa hannun, ba sa kuma yin afuwar. Zartarwa ta baya-bayan nan da aka sani an yi ta ne a Benin ta Jihar Edo, mutum huɗu a 2013 da mutum uku a Disambar 2016. Kotuna kuwa ba su daina yankewa ba, har fursunonin da ke jiran kisa a gidajen yarin ƙasar suka haura 3,000, wasu sun shafe fiye da shekara goma a wannan hali. Tun a 1996, a shari'ar Peter Nemi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wanda aka yanke wa hukuncin kisa bai rasa haƙƙinsa na kariya daga azabtarwa da wulaƙanci ba, kuma yana iya kai ƙara a kan yadda ake tsare da shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Karanta sashe na 33(1) da na 34(1) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Wane ɓangare ne Kotun Ƙoli ta dogara da irinsa a shari'ar Kalu?

2. Chaskalson ya ce tabbacin kamawa ya fi tsananin horo hana laifi. Me ka gani a unguwarku ko ƙauyenku da ke goyon bayan wannan magana ko yake ƙaryata ta?

3. Idan aka kama maƙwabcinka da ba ya jin Turanci bisa tuhumar kisa, waɗanne haƙƙoƙi za ka tuna wa iyalinsa, kuma ina za ka tura su neman lauya?